Mai Kujera Ta Tara

Koubra tana cikin tauna dabinon da Talatou ta miƙo mata, lasifika ta ambaci sunan mijinta.

Da sunan kaɗai aka kira, da ta ce Kalla ai ba ɗaya ba ne a duniya. To mawaƙin tun daga tushe ya jero shi: Kalla ɗan Malam Hama, mutumin Droum ta ƙasar Damagaram, mai kujera ta tara. Ya sake faɗa, 'yan amshi suka cafe, kalangu ya ɗauka. Ƙwallon dabinon ya tsaya mata a baki, ba ta tofar ba, ba ta haɗiye ba.

Talatou, ƙawarta da suke hayar ɗaki ɗaya a unguwar Sukra, ta daina rausaya. Ta juyo ta dube ta, ita ma bakin a buɗe.

“Ke, kin ji abin da na ji?”

 Koubra ta miƙe a kan tabarma ta yi ɗage, na baya suka fara yi mata tsawa ta zauna. Daga inda suke zuwa gaban mawaƙi ya kusa tsawon filin ƙwallo, tsakani kuwa kawuna ne da wayoyi a sama kamar zangarniya a gona. Abin da ta iya hangowa can cikin rumfa, wani dogon mutum ne ya miƙe cikin farar shadda, ya naɗe kai da fuska da rawani irin na mutanen hamada, yana ɗaga hannu ana yi masa tafi. Kalla dogo ne. Kalla bai taɓa mallakar farar shadda ba, amma shekara uku ai ta isa mutum ya ɗinka.

Shekara uku ke nan cif da ya kira ta daga nan Sabha, garin Larabawa a bayan hamada, ya ce gobe za su tashi zuwa arewa, in ya sauka zai neme ta. Bai nema ba. Ta yi shekara guda tana jira a Droum, sannan ta bar 'ya'yanta biyu wurin uwarsa, ta hau motar Agadas ta biyo sahu. Da ta iso sai ta kafa tukunyar tuwo a bakin shataletalen da leburori ke jiran motar aiki, don a ganinta duk ɗan ƙasarsu da ya ratsa garin nan sai ya nemi tuwo. Kowa ta zuba wa, sai ta haɗa masa da hoto da tambaya. Wani ya ce ya gan shi a Tarabulus yana fenti, wani ya ce yana kurkuku, wata kuma mai baƙin ciki ta ce ya haye ruwa ya auri Baturiya. Mutuwa dai babu wanda ya ce, don haka ita ma ba ta ce ba. Mazan da suka kawo mata zancen aure, har da wani direba mai mota biyu da haƙorin Makka, duk da ludayi ta kore su.

Wasan nan kuwa, wata guda ke nan babu zancen da ake yi a Sabha sai shi. Kamilou Ɗan Gangara ne zai zo, mawaƙin da kowane lebura ke da shi a waya, wanda in ya ɗauko waƙar gida sai ka ga ƙato da gemu ya juya wa mutane baya yana fyace hanci. Masu shirya wasa suka kama hayar istiraha, irin gidan hutun nan mai katanga da Larabawa ke yin biki a ciki, a kan hanyar Tamanhint. Aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a tashi kafin magariba, don ba mai son duhu ya riske shi a bawaba, inda masu bindiga ke tare hanya suna tambayar takarda.

Tikiti iri biyu aka yi. Na tabarma, can baya cikin rana, dinari talatin. Sai kujeru arba'in farare a cikin rumfa, kowace da lambarta, dinari ɗari biyu-biyu. Ba inuwar ake saye ba, ba kuma lemon kwalban da ake ajiye wa mutum a ƙafa ba. Suna ake saye. Duk wanda ya yanki kujera, za a rubuta sunansa da na ubansa da garinsu, Kamilou ya zo har gabansa ya wasa shi, mai kamara na haskawa kai tsaye, mutanen gida na kallo a waya. Ka dai san halin mutanenmu. Mutum zai shekara yana ɗaukar bulo a ka, yana kwana su goma sha biyu a ɗaki, amma a ce uwarsa a ƙauye ta ji Kamilou ya kira shi, ai ko bai aika ko dala ba a wannan shekarar an yafe masa.

Masu wasa suka ce don kada wani ya kwashe, katin ɗan ƙasa ɗaya, kujera ɗaya. Aka yi ta sa musu albarka. Ranar da aka buɗe sayarwa, kafin leburori su sauko daga aiki kujeru sun ƙare. Bayan kwana biyu sai ga su suna fitowa ɗaya-ɗaya daga aljihun Barka.

Barka shi ne mai shagon ajiya a bayan tasha. Duk mai wucewa arewa, wurinsa yake barin jakarsa da takardunsa, don an ce in aka kama ka da katin ƙasarka a hanyar ruwa, jirgin farko za a sa ka a mayar da kai gida. Mutum ne mai tabon salla da magana ƙasa-ƙasa, ba ya kiran mace sai da “'yar'uwa”. Ita ma Koubra ta taɓa kai masa hoton, satin da ta iso. Ya duba, ya ce fuskoki sun yi masa yawa, Allah ya bayyana. Yadda aka yi kujerun suka zo hannunsa, kowa da nasa: wasu suka ce surukin mai wasa ne, wasu suka ce asiri. Shi dai ya ce taimako yake yi. Ya fara da ɗari huɗu, ranar Laraba ya kai shida, ranar Alhamis takwas, kuma duk wanda ya saya sai ya dafa masa kafaɗa ya ce kada ya damu, za a gyara suna a takarda. Wani mai ban-ruwa a gonakin Samnu ya zube gumin wata uku a kan kujera ɗaya. Balkissa mai kitso, wadda ke cewa ita ba ta jin kiɗa tun da ta je Umara, ta sayar da firjinta. Waɗanda suka fi kowa son Kamilou, masu haddace waƙoƙinsa tun daga bismilla, su ne aka tara a baya kan tabarma, suna zagin Barka har kakansa, suna kuma leƙen wa zai zauna a gaba.

Koubra ita ko a jikinta. Na talatin ɗin ma Talatou ce ta ja ta, ta ce mace ba ta rayuwa daga murhu sai tabarmar salla.

To yanzu ga ta tana tsallake ƙafafun mutane, takalmi a hannu, Talatou na biye tana ba da haƙuri a madadinta. Ta taka wa wani yatsa, ta zubar wa wata da ruwa. Da ta kai ga igiyar da ta raba tabarma da rumfa, wasu ƙatti biyu masu riga iri ɗaya suka tare ta. Ta ce mijinta ne a kujera ta tara. Ɗayan ya dubi zanenta mai tabon miya, ya ce yau mata huɗu sun ce mazansu na ciki, ɗaya ma ta ce Kamilou ne da kansa. Ta ce to su kira mata shi. Suka ce ba a tayar da mai kujera. Ta ce za ta jira a tashi. Suka ce ta jira mana, amma masu kujera ƙofarsu daban, motocinsu ma a ciki suke.

Daga igiyar ƙeyarsa kawai take gani, ita ma rawani ya rufe. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka ɗaura musu aure: ta buɗe baki ta kira shi da sunansa a bainar jama'a. Kiɗa ya haɗiye. Ƙattin suka yi dariya.

Nan ta tsaya, zuciyarta na kawo mata abu biyu a lokaci guda. Yana raye. Yana raye kuma yana Sabha, garin da ƙafarta ta gama takawa, ya ci ya ƙoshi har yana zaman kujerar ɗari takwas, ita tana hura wuta a bakin titi. Wanda ya iya ɓuya shekara uku kuwa, fita ta ƙofar baya ba za ta gagare shi ba. Ta juya ta nufi ƙofar waje.

Barka na zaune a kan hancin motarsa a gindin dabino, yana jan carbi. Kujera ɗaya ta rage masa, ta talatin da ɗaya. Ya ce dubu. Talatou ta dafe ƙirji ta ce ai an ci rabin wasa. Ya ce shi ya sa: Kamilou goma-goma yake kiran suna, ya yi goman farko, saura talatin, kuma yanzu kowa ya gani da idonsa abin ba ƙarya ba ne. Talatou ta buɗe baki za ta ba shi labari, Koubra ta mintsine ta. Dariyar ƙattin nan ta ishe ta, ba sai garin duka ya ji cewa mijinta na gaba cikin shadda ita tana roƙon a bar ta ta gan shi ba.

Ba ta da dubu, ba ta da rabinta. Abin da ta mallaka a Sabha mai wannan daraja ɗaya ne, tukunyar gas ɗin da take girki da ita, da manyan tukwanenta biyu. Su ta ce wa Barka ya karɓa a madadin kuɗin. Talatou ta ja ta gefe ta ce ta yi hankali, a garin nan samun miji ya fi samun tukunyar gas sauƙi, gobe da me za ta tuƙa? Koubra ta ce gobe ta Allah ce. Barka ya ɓata fuska kamar an cuce shi, sannan ya ce saboda Allah, kuma saboda ita ce, ya karɓa, da safe zai biyo ya ɗauka. Ya miƙa mata takarda mai ruwan zinari, ya ƙara da cewa kada ta damu, za a gyara suna. Ta ce ba komai.

Daidai nan aka tsayar da kiɗa don sallar la'asar. Ƙattin suka juya tikitin gaba da baya, suka dube ta, suka ɗaga igiya.

Rumfar ta kusa zama wayam, maza sun tafi alwala. Kujera ta tara babu kowa sai kwalbar lemo da aka sha rabi. Koubra ta tsaya a kanta. Shekara uku tana tanadin abin da za ta faɗa masa, wani na kuka, wani na faɗa, har da wanda za ta faɗa in ta same shi a gadon asibiti. Na mai farar shadda ne kawai ba ta tanada ba. Ta gyara ɗaurin kallabi. Ta sansana hannunta, daddawa. Ta goge a zane, ta sake gogewa. Matan da ke zaune a layi na biyu, gwala-gwalai har gwiwar hannu, rabi na aro, suka yi ta kallonta suna taɓa juna.

Sai ga shi tafe, ya sassauta rawanin saboda alwala, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Dogo ne, ba shakka. Yana da wushirya, da tabon ƙuna a kumatu, ga tumbi. Ko a mafarki bai yi kama da Kalla ba.

“Baiwar Allah, lafiya?” Harshensa na Kano ne.

Ta ce mai kujerar take nema. Ya ce shi ne. Ta ce wanda aka kira ɗazu. Sai ya waiga dama da hagu, ya matso, ya rage murya. Ya ce shi sunansa Farouk, taya yake sayarwa a hanyar filin jirgi, ɗari takwas ya ba Barka, kuma har sau biyu ya rubuta masa sunansa da na mahaifinsa. Sai ga Kamilou ya tsaya a gabansa ya ɗauko wani Kalla. To amma yaya zai yi? Kamara na kansa, duniya na kallo. Ya ce ba shi ba ne, a gane an yi masa wayo? Sai ya ja rawani ya rufe fuska, ya miƙe ya ɗaga hannu, har liƙi ya yi.

Mai kujera ta takwas, wanda ya kasa kunne tun ɗazu, ya leƙo ya ce ashe ba shi kaɗai ba ne. Na bakwai ya ce shi ma. Na huɗu ya ce shi an kai shi wani gari da ko sunansa bai taɓa ji ba, amma ya ɗauka kuskuren a kansa kaɗai ya faɗa, shi ya sa ya yi ta murmushi. Cikin goman da aka wasa, biyu ne kawai aka kira da sunan da iyayensu suka raɗa musu, su ma 'yan'uwan masu wasa ne. Kowa ya miƙe, kowa ya yi liƙi, kowa ya zauna yana tsammanin na kusa da shi ya ci riba. Balkissa mai kitso, da ke ta sha huɗu ba a kai gare ta ba tukuna, ta ce a riƙe ta, firjinta.

Suka ɗunguma zuwa ƙofar waje, su wajen goma sha biyar, Farouk a gaba. Koubra ta bi su a baya don ƙafarta ce kawai ke tafiya. Talatou ta hango ta ta taro ta, tana tambaya da ido. Koubra ta girgiza kai.

Barka bai gudu ba, bai ma sauko daga kan motar ba. Ya bari suka gama, sannan ya ce su ji tsoron Allah su saurare shi. Takardar sunaye kwana goma ke nan da aka aika wa Kamilou, don ya zauna ya ɗora kowane suna a kan kiɗa. Shi ya yi iya ƙoƙarinsa a gyara, abin ya fi ƙarfinsa. Kujera dai sun zauna, inuwa sun sha, an haska su. Suna kuwa, ai duk na Musulmi ne.

Farouk ya ce ba wannan ba. Sunayen na su wane ne? Barka ya ce na masu ajiya ne, katunansu ya ɗauka ya je ya yanka, tunda an ce kati ɗaya kujera ɗaya. Farouk ya ce to madalla, yanzu in mai sunan nan ya gani a waya, ya zo ya ce an yi sojan gona da shi, ya tara masa jama'a a shago, ko ya kai shi wurin masu bindiga, wa zai fitar da shi?

Barka ya yi murmushi irin na wanda aka zo inda ya fi ƙwarewa.

“Alhaji, kwantar da hankalinka. Ni ba na aiki da ka. Gwangwani biyu gare ni. Na waɗanda ake sa ran su daban, ban taɓa shi ba, don wani yana can Italiya da waya a hannu. Waɗannan duka daga ɗaya gwangwanin na ɗebo, waɗanda labarinsu ya tabbata. Babu mai zuwa ya dame ka.”

 Na takwas ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Balkissa ta toshe baki da gyale.

Koubra ta ratsa su ta zo gaba. Muryarta ba ta yi rawa ba, abin da ya fi ba Talatou tsoro ke nan.

“Na tara fa? Yaushe?”

Barka ya dube ta, ya dubi tikitin da ke hannunta, sai yanzu lissafin ya haɗu masa. Carbin ya tsaya. Ya ce inna lillahi, 'yar'uwa, ashe naki ne. Ta ce yaushe. Ya ce tun a tafiyar farko, kwana biyu da tashinsu. Motar ce ta kife da su kafin garin Shuwairif, su goma sha ɗaya, direban da kansa ya dawo ya faɗa masa. A gefen hanya aka rufe su, an yi musu salla, wannan kam an yi.

Talatou ta ce ya ji kunya, matar nan ba ta kawo masa hoto har shago ba? Ya ce hoto ai hoto ne. Kuma su yi masa adalci, wa ke son ya zama bakin da zai faɗi irin wannan? Abin da bai faɗa ba, wanda kowa a wurin ya sani, shi ne in ka ce mutum ya mutu, sai dangi su zo neman jaka, jakunkunan kuwa sun daɗe da bin kasuwar gwanjo.

Ya sauko ya buɗe bayan mota, ya ɗauko wani gwangwanin madara, ya tsuguna yana tona katuna kamar mai zaɓen tumatir. Ya ciro ɗaya ya busa ƙura ya miƙa mata da hannu biyu. Kalla ne, da kunnuwansa manya, da rigar da ya ara ranar ɗaukar hoton. Barka ya ce ta yi haƙuri, kuma wani abin ma rahama ne, don malamai sun ce takaba daga ranar mutuwa take farawa, ke nan tata ta daɗe da fita ba ta sani ba. Tukunyar gas kuma ta riƙe har ta yi abincin sadaka, ba zai zo gobe ba, sai jibi ko gata.

Farouk ya warware rawanin gaba ɗaya, ya dubi shaddarsa kamar wani abu ya zuba a kai. Ya ce wa Koubra ta yafe masa, ta ce bai yi mata komai ba. Ya shiga motarsa ya tafi, ko lemonsa bai koma ɗauka ba.

Can ciki kalangu ya motsa, mai gabatarwa ya ce a koma mazauni, goma ta biyu za ta fara. Sauran suka tsaya suna kallon juna. Na huɗu ya ce wannan abu bai yi kyau ba, kowa ya ce wallahi bai yi ba. Sai wani ya ce bari ya ɗauko wayarsa da ya bari a kujera. Wani ya bi shi. Balkissa ta share hawaye ta ce ko ta zauna ko ta tafi firji ba zai dawo ba, ta gyara gyale ta shige. Kafin a gama baiti ɗaya babu kowa a gindin dabinon sai Barka da mata biyu.

Talatou ta ce su tafi gida. To da wace motar? Motocin bas ɗin da suka kawo 'yan tabarma sun juya, sai an tashi za su dawo. Koubra ta ji wayarta na rawa a ƙullin zanenta. Wayar ta tsaya, ta sake farawa. Ba sai ta duba ba. A Droum duk Juma'a Inna, uwar Kalla, takan aika a aro mata wayar mai shago, yau kuwa da Kamilou ke wasa a Sabha ai rabin gari na tsakar gidanta. Tsohuwar da idonta ya fara hazo, an nuna mata dogon mutum cikin shadda, fuska a rufe, an kira sunan ɗanta da na mijinta da na garinsu. War haka an yi guɗa. War haka an ce wa yaran babansu ya yi arziki.

Wayar ta yi ta rawa har ta gaji.

Koubra ta soke katin a cikin rigarta. Ta tambayi Barka sunan wa ke kan ta talatin da ɗaya. Ya ce me za ta yi da shi, ta ce ya faɗa. Ya duba wata 'yar takarda ya ce Saoudé ce, 'yar Mamadou, daga wajen Matameye. Yarinya ce, ba ta kai ashirin ba. Ita ruwa ne ya ci ta.

Talatou ta riƙe mata hannu ta ce ina kuma za ta, mace da aka yi wa rasuwa yanzun nan? In ma zama take so don jiri, to ta ja mayafi ta rufe fuska, kada a haska ta a gida a ce tana wurin kiɗa ranar da ta ji mutuwar miji. Koubra ta zare hannunta a hankali.

Ta zauna a kujerarta, layi na huɗu daga gefe, mayafi har haɓa. Goma ta biyu ta wuce, ta uku ta wuce. Tana kallon su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka san abin da ke cikin gwangwani, Kamilou na zuwa gabansu sai su sunkuyar da hula ko su ja gyale, su miƙe, su ɗaga hannu. Balkissa har juyi ta yi. 'Yan tabarma can baya suna ta tafi, suna cewa masu kuɗi sun more.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya iso gare ta. Kusa da kusa ashe ɗan ƙaramin mutum ne, gumi ya jiƙa masa wuya, muryar ce kawai babba. Ya ɗan saci kallon takardar da ke tafin hannunsa, ya ɗaga kai, ya ɗauko: Saoudé 'yar Mamadou, tauraruwar Matameye, ta bar gida da ƙafar dama. 'Yan amshi suka cafe. Mai kamara ya durƙusa a gabanta.

Koubra ba ta miƙe ba. Ta sa hannu biyu ta yaye mayafin har kafaɗa, ta tura kallabin baya. Fuska ce ta mace mai shekara talatin da biyar da hayaƙi ya dafa, da zanen gidansu uku-uku a kowane kumatu. Ta juya wa kamarar dama, ta juya mata hagu, a hankali, yadda ko mai hazon ido zai gani. Duk wanda ya haifi Saoudé ya san bai yi mata wannan zane ba.

Kamilou ya sake maimaita baitin, yana jiran ta tashi ko ta ciro wani abu. Ta ci gaba da kallon gilashin kamarar, ba ta ƙifta ba. Da ya ga babu liƙi, sai ya yi wa makaɗa alama, ya matsa ta talatin da biyu.